Garin ƙarfi a cikin kunun yaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da na tarar a gidan ƙanena, don na san ba gidansa kaɗai ba ne. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a nan Maradi. Shekara 31 na yi ina aiki kafin in ajiye, mafi yawansu a ɗakin awon yara, tsakanin sikeli da zaren auna dantse.

Na yi wata huɗu a Damagaram wajen 'yata da ta haihu. Da na dawo na je gaida mutanen gidan ƙanena, sai autansu, yaro ɗan shekara 10, ya rugo ya rungume ni. Wallahi ban gane shi nan take ba. Fuska ta yi zagaye kamar faifai, kumatu sun taso sun matse idanu, ciki ya turo riga, ga wani tudun kitse a bayan wuya. Amma da na kama dantsensa, yadda hannuna ya saba ko ban yi niyya ba, sai na ji lagwal, ba tsoka. Uwarsa na tsaye tana murmushi, ta ce, "Yaya, kin ga ɗanki ya murmure? Yanzu ba mai ce mini ba na ba shi abinci." Na juya shi na duba wuyansa, na ga fata ta yi baƙi ta yi kauri a cikin lanƙwasar. Ta ce dauɗa ce, kullum sai ta dirje da soso da sabulu amma ta ƙi fita. Ba dauɗa ba ce. Alama ce da muke gani in jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, wato an kama hanyar ciwon suga.

Ban ce komai ba sai da aka ci abinci maza suka fita. Na ce, "Ƙanwata, kawo mini abin da kike ba shi." Ta yi jim, sannan ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla ta fito da abu biyu: wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a ƙullin leda, ba kwali ba takarda, da kwalbar wani ruwan magani mai zaƙi. Daga wajen mai yawo da magani a kan tire ta saye su. Ƙwayoyin su ne waɗanda mata ke kira sha-ka-fashe, sunansu na likita deksametazon. Ruwan kuma siproheftadin ne, maganin ƙaiƙayi da atishawa, wanda ke buɗe ciki ya sa barci. Ina cikin juya ledar sai yaron da kansa ya ce, "Gwaggo, har da garin Yaya ana sa mini a kunu." Ya ruga ɗakin samari ya rungumo wata baƙar roba mai girman bokiti, da hoton wani ƙato a jiki, jijiyoyi sun fito masa kamar igiyar guga.

Kafin wani ya zagi wannan baiwar Allah, bari in faɗi abin da na sani game da ita. A 2005 ta rasa ɗanta na fari. Duk wanda ya kai shekara talatin a jihar nan ya san wannan shekara: fari da fara sun cinye amfanin 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, mata suka riƙa kwararowa daga Madarunfa, Gidan Rumji, Dakwaro da Tasawa da yara a goye. Ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, akasarinsu a yankinmu. Ina cikin masu awo. A lokacin, ja a jikin zaren, wato alamar tamowa mai tsanani, yana farawa daga ƙasa da santimita 11, daga baya aka mai da shi 11 da rabi. Na ɗaura zaren nan a dantsen yaran da bai fi kaurin babban yatsana biyu ba. Na ɗaura shi a dantsen ɗanta. To macen da ta ga haka, in ta ga haƙarƙarin autanta ya fito, ko da na ƙiriniya da girma ne, me kake so zuciyarta ta gaya mata? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma bakin facaloli da maƙwabta, waɗanda har gobe a wajensu yaro mai kumatu shi ne shaidar cewa uwa ta iya kuma uba yana da shi.

Mu ma'aikatan lafiya muna da namu kason a ciki. Shekara da shekaru abu ɗaya muke koya wa iyaye mata: sikeli ya hau, alhamdu lillahi, sikeli ya sauka, akwai matsala. A katin awo akwai layin sama kamar yadda akwai na ƙasa, amma ban tuna ranar da na tsaya na nuna wa wata uwa layin sama ba. Ba mu da lokacinsa, kuma a wancan zamani ba mu ga bukata ba.

Deksametazon magani ne na gaske, mai ceton rai in likita ya rubuta shi a inda ya dace. Amma in aka ɗora yaro a kansa kullum har wata uku, kamar yadda aka yi wa wannan, abin da yake yi shi ne ya tara ruwa da gishiri a jiki, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki da ƙeya, ya zaizaye tsokar hannu da ƙafa. Yana ɗaga suga, yana ɗaga hawan jini, yana rage ƙarfin ƙashi, yana karya garkuwar jiki, kuma yana tsayar da tsawon yaro. Kumburi ne ake yi wa kallon ƙiba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ta fahimta sai ta miƙe za ta watsa ledar a masai. Na riƙe hannunta. Wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, domin jiki yana da nasa sinadarin mai kama da shi da yake yi a wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda, kuma in ana ɗura masa na waje sai ya daina yin nasa. In aka yanke kwatsam yaro na iya sulalewa ya faɗi, har a rasa shi. Sai likita ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Duk uwar da ke karanta wannan tana da irin ledar nan a kwalla, don Allah ta ɗauki yaron da ledar ta tafi asibiti, kada ta zubar, kada kuma ta ji kunyar faɗin gaskiya.

Sai maganar baƙar roba. Mai ita wan yaron ne, ɗan shekara 18, yana ajin ƙarshe a lise. Yaro ne mai ladabi, ba na jin ya taɓa ɗaga mini murya. Washegari da la'asar na ce ya kai ni inda suke ɗaga ƙarfe. Ya ce, "Haba Gwaggo, wurin maza ne." Na ce na wanke maza da yawa tun suna tsumma, mu je. Wani kango ne da aka yi wa rumfar kwano. Ƙarafan nasu tsofaffin kayan mota ne da gwangwanayen madara da aka cika da siminti aka soka wa bututu, ga wani fasasshen madubi jingine da bango, kowa in ya ajiye ƙarfe sai ya je gabansa ya murɗa dantse. Raina bai ɓaci da wurin ba, gaskiya. Gara nan da majalisar shayi da karta. Abin da ya tsaya mini shi ne teburin da ke bakin ƙofa: robobi uku, da gari da aka ƙulla a ƙananan ledoji kamar yadda ake ƙulla sukari, ana sayarwa awo-awo ga wanda ba shi da kuɗin roba guda. Duk sunansu ɗaya a bakin yaran, "furotin". Ba wanda ya san ranar da aka buɗe robar, ba wanda ya san abin da aka ƙara a ciki, ga zafin Maradi da ke haura digiri 40 a watan Afrilu yana dukan kwanon.

Ɗan ƙanena ya ce jika 25 ya sayi tasa, kuɗin da ya tara a hutu yana taya wani gyaran babur. Rubutun jikinta da Ingilishi ne, shi kuwa Faransanci ya karanta, hoton kawai ya gani da bidiyon da ake turo musu a salula. Na sa gilashina muka bi jerin kayan haɗin tare da wata jikata da ta yi karatu a Katsina. Abu na farko a jerin, wato wanda ya fi yawa, maltodekstirin ne: sitaci da aka sarrafa har ya zama yana shiga jini da sauri kamar sukari. Wannan ba garin gina tsoka ba ne zalla, irin wanda ake yi ne don ƙara nauyi. Awo ɗaya da suka rubuta ya haura kalori 1,000. Don mai karatu ya gane, ledar Plumpy'Nut, wannan tunkuzar gyaɗa da madara da muke ba yaran da ke bakin mutuwa, giram 92 ce, kalori 500. Ke nan awo ɗaya na robar nan ya fi leda biyu. Yaro ɗan shekara 10 kuwa abin da yake bukata a yini gaba ɗaya bai wuce wajen 2,000 ba. Ba cikakken awo ake zuba wa autan ba, cokali biyu ne safe da dare, amma a kan kunu mai sukari, a kan cikin da magani ya riga ya buɗe, ga yaron da barci ya hana shi fita ƙwallo. Wan ya yi ne don ƙauna. Ya ce ƙanen nasa na son zama ɗan kokowa, yara na kayar da shi, shi ne ya ce bari ya taimaka masa ya yi jiki.

Ba zan ce duk abin da ke cikin irin robobin nan guba ne ba, don ba gaskiya ba ne. Garin furotin na ainihi daga madara ake yin sa, daga tsararon ruwan da ke saura in an yi cuku, a busar da shi. Kireyatin, wani garin ƙara ƙarfin tsoka wanda shi ma na gani a teburin, yana cikin nama da kifi, jikinmu ma yana yin nasa, kuma an yi bincike mai yawa a kansa ga manya masu wasanni. Babban ɗan wasa da ke da likita a kansa yana iya amfana. Damuwata ita ce wa ya tabbatar abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki? A Amurka, inda da yawansu ke cewa daga can suka fito, dokar 1994 ta ware irin waɗannan kaya daga sahun magunguna, ba sai hukuma ta gwada ta amince ba kafin a kai su kasuwa. A farkon shekarun 2000 wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus, da tallafin kwamitin wasannin Olamfik na duniya, ya sayi irin waɗannan kaya 634 daga ƙasashe 13 ya gwada. Guda 94, kusan kashi 15 cikin 100, an same su da sinadaran sitiroyid masu kumbura tsoka waɗanda ba a rubuta a jiki ba. Wannan a kantunan Turai da Amurka ke nan. Ina ga wanda ya ratso iyaka a bayan babur aka ƙulla shi a leda? Su waɗannan sinadarai suna taɓa hanta da zuciya, suna fito wa namiji da nono, suna rage masa ƙwayar haihuwa, kuma yaron da bai gama girma ba suna rufe masa bakin ƙashi ya tsaya a inda yake. Da na faɗi maganar haihuwa a kangon nan, sai na ga duk an ajiye ƙarfe ana saurare. Maganar hanta ba ta dame su ba.

Na ga kuma gwangwanayen lemun ƙara kuzari zube a bayan rumfar. Ƙaramin gwangwani na santilita 25 irin wanda aka fi sani yana ɗauke da kafeyin miligiram 80 da sukari giram 27, kuma tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce irin wannan lemu ba na yara da matasa ba ne. Tramol kuwa ba wanda ya amsa yana sha, kowa ya ce abokinsa ne. Masu mafarkin buga ƙwallo a waje su sani, tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa.

Na tashi a wani ƙauye a bakin Gulbi, inda da kaka in an gama girbi ake kafa kokowa a dandali. Ina yarinya a 1975 lokacin da Kantu ya ɗauko wa Maradi takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, shi ne filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. 'Yan kokowar ƙauyenmu da na gani da idona, fura da nono suke sha, su ci tuwon hatsi da wake, sauran kuma noma da jan guga da ɗaukar dami suka gina musu. Suna da layunsu da gurayensu, ba na musu. Na ce wa ɗan ƙanena wannan roba taka ai laya ce, sai dai laya a dantse ake ɗaura ta, ba ta bi ta hanta. Ya yi dariya, amma da muka zauna da biro muka yi lissafi dariyar ta tsaya. Ludayin garin furotin mai kyau yana ba da wajen giram 24. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ke nan ƙwai huɗu sun biya. Giram 100 na gyaɗa na da wajen giram 25, busasshen wake ma kusan haka, ƙuli-ƙuli ya fi su tunda an matse man. Ga awara a kowace kusurwa, ga soyayyar fara da har daga Najeriya ake zuwa saye a wajenmu, ga kilishi, ga zogalen fadamar Gulbi, ga nonon jar akuyar da duniya ta san ta da sunan garin nan. Saurayi mai kilo 65 da ke ɗaga ƙarfe da gaske, abin da yake nema a yini bai wuce wajen giram 100 ba. Na ce masa ya je kasuwa ya tambayi tiyar wake nawa jika 25 za ta saya, ya dawo ya gaya mini.

Na san wani zai ce, ana fama da yunwa wannan tsohuwa tana maganar ƙiba. Yana da gaskiyarsa. Har yau fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu. Tamowa ce babbar damuwarmu, ban ce a kau da kai daga gare ta ba ko na yini ɗaya. Amma cututtukan biyu ba abokan gaba ba ne, a gida ɗaya suke kwana. Yaron da ya sha wahala a ciki ko a goye, in daga baya aka cika shi da sukari da mai, ya fi wanda bai sha wahalar ba haɗarin ciwon suga da hawan jini in ya girma. Yaran 2005 da suka rayu su ne samari da 'yan matan yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga ciki ƙibar ta zama cuta. A 1990 waɗanda nauyinsu ya wuce kima kashi 8 cikin 100 ne, a 2022 sun kai kashi 20. Ƙasashen da abin ya cinye ba su ga zuwansa ba su ma.

Kuma ba sai da roba ko ƙwaya ba. Ka tsaya a ƙofar kowace lakwal ta cikin gari da ƙarfe goma ka ga abin da dala ashirin ke saye: ƙanƙara mai kala, alewa, biskit, fanke, lemun leda. Gwangwanin lemu na santilita 33 yana da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin ya fi kyau ko babba kada ya wuce cokali 6 a yini. Ita dai hukumar ta ce yaro ya samu aƙalla minti 60 na guje-guje kullum. 'Ya'yan masu hali a Maradi yanzu kabu-kabu ke kai su ya ɗauko su, filayen da muka sani na ƙwallo an yanka an gine, in an dawo gida kuma salula ce har barci. Autan ƙanena lakwal ɗinsu ba ta kai tafiyar minti goma ba, amma a babur ake kai shi, wai kada ya rame.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura ɗan jaridarka ya zaga wuraren ɗaga ƙarfe da teburan masu magani, ya sayi ƙullin nan na leda, a nemi inda za a gwada a gaya mana abin da ke ciki. Hukumomin lafiya su ma su dubi yadda deksametazon ke yawo a kan tire kamar goro. 'Yan'uwana da ke bakin aiki a ɗakunan awo kuma, su riƙa nuna wa iyaye layin sama na katin, abin da ni ban yi ba. Shugabannin kokowa da masu horar da yara ƙwallo a unguwanni, maganarsu ta fi tawa shiga kunnen samari, kalma ɗaya daga bakin wanda ya taɓa riƙe takobi ta fi wasiƙata goma.

Mun kai yaron asibiti. Tsawonsa mita 1 da santimita 35, nauyinsa kilo 46, sugansa ya ɗan haura, jininsa ma ya hau fiye da na sa'anninsa. Likita ya tsara yadda za a rage ƙwayar mako-mako, ya ce kada a sa shi azumin dole ko a riƙa yi masa gori, a bar shi ya ci tuwo da miya tare da kowa, a janye lemu da garin, a sake shi ya yi wasa. Yau mako shida ke nan. Fuskar ta fara saɓewa, kuma wan ne ke tafiya da shi lakwal a ƙasa, da yamma su yi 'yar kokowarsu a kan yashi a ƙofar gida. Uwar ce dai har yanzu hankalinta bai kwanta ba. Shekaranjiya ta zo gidana da shi bayan magariba, ta ce, "Yaya, duba mini, kamar yana ramewa." Na ɗauko tsohon zaren awona a cikin akwati, duk da na san ba na sa'anninsa ba ne, na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, na ɗaura masa a dantse don ta gani da idonta. Ta daɗe tana kallon koren, alamar lafiya, kafin ta ce in ba ta zaren ta tafi da shi gida. Na ba ta.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Unguwar Zariya, Maradi.